Lord Shaftesbury, Abokin Marasa Gata

An haifi Anthony Ashley Cooper a birnin Landan, ƙasar Ingila, cikin shekara ta 1801. Ɗan gidan sarauta ne, amma bai sha daɗin yarinta ba, gama iyayensa ba su ja shi a jiki ba. Wadda ta nuna masa ƙauna wata tsohuwar ma'aikaciyar gidansu ce, sunanta Maria Millis. Ita ta koya masa addu'a da labarun Littafi Mai Tsarki. Da za ta mutu ta bar masa agogonta, ya kuwa riƙe shi har ƙarshen ransa.

Sa'ad da ya ke makaranta a Harrow, wata rana ya ga waɗansu mashaya suna ɗauke da gawar wani matalauci za su kai ta kabari. Suna tangaɗi suna waƙa, har akwatin ya faɗi ƙasa. Abin ya taɓa zuciyar yaron ƙwarai. Tun daga lokacin ya ƙudura zai ba da ransa ga hidimar waɗanda ba su da mai tsaya musu.

Cikin 1826 aka zaɓe shi wakili a Majalisar Ingila. Shekara ta gaba Majalisa ta naɗa kwamiti ya binciki gidajen da a ke ajiye matalauta masu taɓin hankali, aka sa shi ciki. Ya ji shaidu, amma bai tsaya nan ba, ya tafi da ƙafarsa wani gida a unguwar Bethnal Green, domin gani ya kori ji. Abin da bincike ya tono ba shi da daɗin ji. Ana ɗaure marasa lafiya da sarƙa tsirara bisa ciyawa tun ran Asabar, ba a kwance su sai Litinin, domin masu tsaronsu su huta. Sa'an nan a wanke su da ruwan sanyi, ba sabulu, mutum 160 da tawul ɗaya.

Saboda wannan aka yi doka cikin 1828. Aka naɗa mutum 15 su riƙa ba da lasin suna kewaya gidajen nan, shi ma yana cikinsu. Dokar ta ce gidan da ya tara marasa lafiya da yawa sai ya ajiye likita. Cikin 1845 ya kawo wata doka wadda ta tilasta wa kowace gunduma ta tanadi asibitin masu taɓin hankali. Ya shugabanci hukumar dubawa daga wannan shekara har mutuwarsa, wato shekara 40.

Bayan haka ya juya ga yara. A zamanin nan masaƙun Ingila cike su ke da ƙananan yara masu aiki tun asuba har dare. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba, ta kuma naɗa sufeto 4 ga ƙasa duka. Ya san wannan bai isa ba. Cikin 1840 ya roƙi Majalisa ta binciki aikin yara a ramukan haƙar kwal, shi kansa ma ya sauka cikin rami. Rahoton da ya fito cikin 1842 ya girgiza ƙasa. An iske yara 'yan shekara 5 ko 6 suna zaune su kaɗai cikin duhu wuni guda suna buɗe ƙofar iska, 'yan mata kuma suna rarrafe suna jan keken kwal da sarƙa a gindinsu. A shekarar aka hana mata da yara maza da ba su kai shekara 10 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Dokar aikin awa 10 kuwa, wadda ya yi shekara 14 yana nema, sai 1847 ta samu.

Cikin 1848 aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, ya shiga aikinta ba albashi. Ba a daɗe ba annobar amai da zawo ta faɗa wa Landan, ta kashe mutum fiye da 14,000. A wani gidan renon 'ya'yan matalauta a Tooting kaɗai yara fiye da 150 suka mutu, saboda cunkoso da yunwa. Masu hali suka gudu ƙauye, shi kuwa ya zauna cikin birni yana aiki. Hukumar ta matsa a kawo ruwa mai tsabta, a gina magudanu, a daina binne gawa a tsakiyar gari. Wannan ya taɓa aljihun manya, suka yi mata taron dangi a Majalisa, cikin 1854 aka sauke shi da abokan aikinsa. Ya ji zafi ƙwarai, amma bai ja da baya ba.

Shi ma bai tsira daga bincike ba. Abokan gabansa sun yi masa gori cewa manoman da ke gonakin ubansa suna kwana cikin rusassun ɗakuna. Da ubansa ya rasu cikin 1851 ya gaji sarautar Shaftesbury, ya zaga ya gani, ya iske gaskiya ne. Ko da ya ke bashi ya yi masa yawa, ya sayar da waɗansu kayan gado ya soma gina musu sababbin gidaje.

Yaƙinsa mafi tsawo shi ne na yara masu share bututun hayaƙi. Ana tura ƙaramin yaro cikin bututu mai ƙunci ya kankare baƙin hayaƙi, waɗansu su shaƙe su mutu. An hana wannan cikin 1840, aka sake hanawa cikin 1864, amma ba wanda ya kula, domin ba a sa kowa ya tsare dokar ba. Cikin 1875, bayan wani yaro ya mutu haka kusa da Cambridge, tsohon ya sake tashi a Majalisa. Sabuwar doka ta ce ba mai yin sana'ar sai da lasin daga 'yan sanda. Daga nan ne abin ya ƙare.

Dukan wannan daga bangaskiyarsa ga Yesu Kristi ya fito. Ya shugabanci ƙungiyar makarantun yaran titi tun 1844. Tun 1851 kuma shi ne shugaban ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila, wadda daga baya ta buga mana Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932. Ya rasu ran 1 ga Oktoba, 1885, yana da shekara 84. Ran jana'izarsa matalauta da yaran titi suka cika hanyoyin Landan, suna tsaye cikin ruwan sama.

'Yan'uwa, mu ma muna da asibiti da ɗakin shan magani da gidan marayu kusa da mu. Wanene a cikin ekklesiyarmu ya je ya ga ko akwai mai jiyya da dare, ko akwai ruwa, ko yaran sun ci abinci? Bari mu je mu gani, mu taimaki ma'aikatan da aiki ya yi musu yawa, mu kuma faɗa wa wakilanmu gaskiyar abin da muka iske, cikin ladabi, ba tsoro. Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta bawansa.