Nikola Apar, mutumin da ya fara rufe abinci a kwalba

Da anka ce in kawo tarihin wani babba don bikin cikar ƙungiyarmu, sai na zaɓi wanda sana'arsa ta taɓa tawa. Ni tumatir da tattasai nake saidawa, kuma duk wadda ta taɓa zubda kwando guda na ruɓaɓɓen tumatir lokacin da kayan fadama sunka cika kasuwa ta san zafin abin.

A takarda Nicolas Appert ake rubuta sunansa. An haife shi a Faransa a 1749. Ubansa mai masaukin baƙi ne, shi kuma kuku ne, daga baya ya buɗe shagon alewa a birnin Faris. Ba likita ba ne, ba malamin jami'a ba. Shekara da shekaru yana gwaji: ya zuba wake ko miya ko 'ya'yan itace a kwalba mai kauri, ya toshe bakin gam, ya ɗaure da waya, ya dafa kwalbar cikin tafasasshen ruwa. Bayan watanni a buɗe, abinci lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni mamaki, shi kansa bai san dalili ba. Sai bayan mutuwarsa wani masani, Luwi Fasto, ya nuna cewa zafi ne ke kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, toshiya kuma ta hana wasu shiga. Ni na ga haka da idona bara, da na yi gaggawar sauke kwalabe shida, huɗu sunka yi kumfa. Ku kula, tumatir yana da tsami, shi ya sa tafasa ke isarsa. Wake da nama tafasa kaɗai ba ta isa, kada mu kwaikwaye shi nan.

A 1810, lokacin Shehu Usmanu yana raye, gwamnatin ƙasarsa ta ba shi faran 12,000 bisa sharaɗin ya bayyana dabarar ga kowa. Ya rubuta littafi, bai ɓoye komai ba. A shekarar nan Turawan Ingila sunka ɗauki dabarar, sunka koma gwangwani. Shi ke nan asalin tumatirin gwangwani da muke saye da tsada in damina ta faɗi.

Shi kam bai ci riba ba. A 1814 sojojin da sunka shigo yaƙi sun lalata masana'antarsa a garin Masi. Ya sake tashi, amma dukiya ba ta zauna ba. Ya mutu a 1841 yana da shekara 91, talaka, anka rufe shi a kabarin gama-gari.