DAUDA WHITMER: YA RABU DA SHUGABANSA, BAI RABU DA SHAIDARSA BA

Wannan wata za mu ba ku labarin wani mutum wanda ba na Ekklesiyarmu ba ne. Sunansa David Whitmer, mu ce Dauda. Yana cikin mutane na fari da suka kafa ƙungiyar da a ke kira Mormon a ƙasar Amurka. Su dai suna kiran kansu Ekklesiyar Yesu Kristi ta Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe. Cibiyarsu tana birnin Salt Lake a jihar Yuta, kuma tun shekara ta 1978 suka kafu a Nijeriya da Ghana. Banda Littafi Mai Tsarki, suna da wani littafi, watau Littafin Mormon, wanda su ke karɓa a kan maganar Allah ne. Mu ba mu karɓe shi haka ba, mun kuwa faɗi wannan tun da fari domin kada wani ya rikice. Amma tambayar da ta dami Dauda Whitmer dukan kwanakinsa tana damun masu bi a ko'ina. Idan shugaban da ka amince da shi ya yi kuskure, yaya za ka yi da bangaskiyarka?

Ɗan manomi

An haifi Dauda ran 7 ga Janairu, 1805, kusa da garin Harrisburg a jihar Pensilfaniya. Iyayensa, Peter da Mary Whitmer, asalinsu Jamusawa ne, manoma, masu zuwa sujada. Tun yana ƙarami suka ƙaura zuwa Fayette a jihar New York, can ya yi girma yana aiki a gonar ubansa.

A shekara ta 1828 ya tafi garin Palmyra kan wata hidima, ya sadu da wani saurayi malamin makaranta, Oliver Cowdery. A lokacin nan ana ta maganar wani matashi, Yusufu Smith, wanda ya ce mala'ika ya nuna masa waɗansu allunan zinariya a binne cikin tudu, da rubutun mutanen dā a kansu. Cowdery ya tafi wurin Yusufu ya zama marubucinsa, ya riƙa aiko wa Dauda wasiƙu yana tabbatar masa cewa aikin na Allah ne. Da maƙwabta suka matsa wa Yusufu a inda ya ke zaune, Dauda ya ɗaura keken doki, ya yi tafiyar fiye da mil 100, ya kawo su biyun gidan ubansa. A gidan nan aka gama rubuta Littafin Mormon cikin watan Yuni, 1829. A watan kuma Yusufu ya yi wa Dauda baftisma.

Wajen ƙarshen watan nan ne abin da ya mallaki sauran ran Dauda ya faru. Shi da Cowdery da wani manomi mai suna Martin Harris suka shiga kurmi tare da Yusufu domin addu'a. Da suka fito, suka ce mala'ika ya bayyana garesu, ya nuna masu allunan, sun kuma ji murya tana umurtarsu su ba da shaida. Har wa yau ana buga sunayensu uku a cikin kowane Littafin Mormon. Waɗansu mutum takwas kuma suka shaida cewa Yusufu ya nuna masu allunan. Huɗu daga cikinsu 'yan'uwan Dauda ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya kuwa Hiram Page, mijin 'yar'uwarsa. Da aka kafa ƙungiyar ran 6 ga Afril, 1830, Dauda yana cikin shida na fari. Watau gidan Whitmer duka sun sa sunansu da mutuncinsu a hannun saurayi guda, wanda bai ko kai shekara 25 ba.

Shakka ta fara

Tun ba a yi nisa ba aka gamu da abin tuntuɓe. A farkon 1830 suna neman kuɗi, sai Yusufu ya ce ya sami wahayi a tafi Kanada a sayar da ikon buga littafin. Cowdery da Hiram Page suka tafi, suka komo hannu wofi. Bayan shekaru da yawa Dauda ya rubuta cewa abin ya ruɗe su ƙwarai, suka tambayi Yusufu dalili, shi kuwa ya amsa masu cewa ba kowane wahayi ne ke fitowa daga Allah ba, wani daga zuciyar mutum ne, wani daga Shaiɗan. Mormon na yau suna cewa wahayin yana da sharaɗi a ciki, domin haka ba a ce ya faɗi ba. Amma Dauda ya ajiye amsar nan a zuciya. Idan annabi da kansa yana iya ruɗuwa, wa zai gwada maganarsa?

A watan Satumba na shekaran nan Hiram Page ya ce shi ma yana samun wahayi ta wurin wani dutse, mutanen gidan Whitmer kuwa suka gaskata shi. Yusufu ya ba da umurni cewa shi kaɗai ke karɓar umurnin Allah domin ƙungiyar duka. Page ya bar dutsensa, aka shirya. Daga ran nan iko ya taru a hannun mutum ɗaya.

Duk da haka Dauda ya bi da aminci. Ya auri Julia Ann Jolly a 1831, ya ƙaura zuwa jihar Ohayo, daga nan zuwa jihar Misuri, inda Yusufu ya ce za a gina Sihiyona. A Nuwamba, 1833, mutanen ƙasar suka kori Mormon daga yankin Jackson da bindigogi, Dauda ya sha wahalan nan tare da 'yan'uwa. A Yuli, 1834, aka naɗa shi shugaban ƙungiyar a Misuri, har Yusufu ya ɗibiya masa hannu a kan shi ne zai gaje shi.

Amma waɗansu abubuwa suna ta ci masa rai. A 1834 aka sake sunan ƙungiyar, aka fitar da sunan Kristi daga ciki, sai a 1838 aka maido shi. Wahayin da aka buga a 1833, da aka sake buga su a 1835 sai ga gyare-gyare da ƙari a ciki. An kuma ƙirƙiro manyan muƙamai waɗanda Dauda ya ga babu su tun da fari. Ya ɗora yawancin laifin a kan Sidney Rigdon, wani mai wa'azi mai baki, wanda ya zama na hannun daman Yusufu.

Sai maganar kuɗi ta shigo. A Janairu, 1837, shugabannin suka buɗe wani irin banki a garin Kirtland na Ohayo, ko da ya ke gwamnatin jihar ba ta ba su izni ba. Masu bi suka zuba dukiyarsu a ciki domin sun ga annabinsu ne a gaba. Shekaran nan bankuna da yawa suka karye a Amurka, nasu ma ya karye, takardun kuɗinsa suka zama banza. Mutane da yawa suka yi hasara, har waɗansu manya suka so a tuɓe Yusufu a sa Dauda a madadinsa.

Rabuwa

A Fabrairu, 1838, aka sauke Dauda daga shugabanci a Misuri. Ran 13 ga Afril majalisar ƙungiyar ta zauna a garin Far West domin ta yi masa shari'a. Cikin ƙarar har da cewa yana barin zuwa taro, yana kuma rubuta wa masu gardama wasiƙu. Ya ƙi zuwa, ya aika da takarda cewa ya janye kansa, su kuwa suka fitar da shi. Kwana ɗaya kafin wannan an riga an fitar da Cowdery, wanda a lokacin ya zama mijin ƙanwarsa.

Ran 17 ga Yuni Rigdon ya yi wa'azi a kan gishirin da ya rabu da daɗinsa, kowa kuwa ya san waɗanda ya ke nufi. Sai ga takarda da sa hannun maza fiye da 80, tana ba Dauda da abokansa kwana uku su bar yankin. Suka gudu, suka bar gidajensu da kayansu. Mutumin da ya ɗauko Yusufu a keken dokinsa, ya ba shi masauki a gidan ubansa, shi ne 'yan'uwansa suka kora kamar maƙiyi.

Ya sauka a garin Richmond na Misuri, can ya zauna shekara 50. Ya buɗe barga yana ba da hayar dawakai da kekuna, mutane suka san shi da gaskiya cikin ciniki, har ya yi magajin gari daga 1867 zuwa 1868. Aka kashe Yusufu a kurkukun Carthage ran 27 ga Yuni, 1844. Yawancin jama'ar suka bi Brigham Young, wanda ya fara kai su Yuta a 1847. Cowdery ya koma cikinsu a 1848, Harris a 1870. Cikin shaidu ukun Dauda kaɗai ne bai koma ba.

Abin mamaki kuwa shi ne, bai taɓa musun abin da ya ce ya gani a kurmi ba. 'Yan jarida da matafiya suka riƙa zuwa, waɗansu suna sa zuciya tsohon zai ce ƙarya ce, tun da ya ke an wulakanta shi. Bai ce ba. A 1881, da wani ya baza labari cewa ya yi musu, ya buga sanarwa a jaridar garin, manyan mutanen Richmond fiye da 20 suka sa hannu cewa shi mai gaskiya ne. Kafin Cowdery ya mutu a 1850 ya bar masa rubutun hannu na Littafin Mormon, wanda aka kai wa mai ɗab'i. Manzanni biyu daga Yuta suka ziyarce shi a 1878, suka nemi ya sayar masu, ya ƙi. Rubutun nan ne ƙungiyar ta Yuta ta saya a 2017 a kan dala miliyan 35.

A 1887 ya buga wani ɗan littafi zuwa ga dukan masu ba da gaskiya ga Kristi. A ciki ya ce Yusufu ya fara da kyau amma ya kauce, ya la'anci auren mata da yawa da a ke yi a Yuta a lokacin, ya ce babban kuskuren jama'ar shi ne dogara ga mutum ɗaya. Ya kuma ce yadda Allah ya yi masa magana a 1829, haka ya sake yi masa magana a Yuni, 1838, cewa ya fita daga cikinsu. Ya mutu ran 25 ga Janairu, 1888, yana da shekara 83. Kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa ya sa likita ya tabbatar hankalinsa yana nan, kāna ya maimaita shaidarsa a gaban iyalinsa.

Abin da za mu koya

'Yan'uwa, ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba, shugaban Ekklesiya ma haka. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana zunubin Sarki Dauda ba, ko musun Bitrus. A Antakiya Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a, Ekklesiya kuwa ba ta rushe ba, gama ba a kan cikar Bitrus ta ke tsaye ba. Ko Mormon ɗin ma, a babban taronsu na Oktoba, 2013, ɗaya daga cikin manyan shugabanninsu, Dieter Uchtdorf, ya yarda a fili cewa shugabanni sun taɓa yin kuskure. Wanda ya ɗauki fastonsa kamar ba ya kuskure, ran da faston ya yi tuntuɓe tare za su faɗi.

Muna yaba wa Dauda Whitmer a kan abu biyu. Bai rufe bakinsa domin tsoron rasa muƙami ba. Kuma da aka ɓata masa rai, bai sake labarinsa domin ramuwa ba, bai bar sunan Kristi ba. Sau da yawa mun ga mutum ya yi faɗa da dattijan Ekklesiya kan kuɗin baiko, daga nan ya daina addu'a gaba ɗaya. Shakkar shugaba daban, shakkar Allah daban.

Amma akwai inda muka ga ya gaza. Ya koya tun 1830 cewa wahayi yana iya fitowa daga zuciyar mutum, ya gwada Yusufu da ma'aunin nan, amma ru'yarsa ta kurmi da muryar da ya ji a 1838 ya riƙe su kamar sun fi ƙarfin gwaji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mutum yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, ya kuwa ruɗu. Cikin sura ta fari ta wasiƙarsa ga Galatiyawa Bulus ya sa kansa da mala'iku duka ƙarƙashin bishara ɗaya. Mutanen Biriya kuma, an yaba masu ne domin sun bincika Littattafai su ga ko wa'azin manzo da kansa daidai ne.

Saboda haka idan shakka ta shiga zuciyarka game da wani shugaba, kada ka binne ta, kada kuma ka kai ta kasuwa. Ka buɗe Littafi, ka yi addu'a, ka tafi wurinsa da ladabi kamar yadda Ubangiji ya koya mana cikin Matta sura 18. Ku kuma shugabanni, idan ɗan'uwa ya yi maku tambaya mai wuya, kada ku amsa masa da takardar kora. Bari mu girmama makiyayanmu, mu yi masu addu'a, mu gwada maganarsu da tamu da ma'auni ɗaya, mu ajiye dogararmu ga Babban Makiyayi, Yesu Kristi, wanda ba a taɓa samun kuskure a bakinsa ba.