Likita Barnardo, Uban Marasa Makwanci

A cikin mutanen da suka bar suna saboda jin ƙan talakawa, akwai wani da ya kamata mu 'yan makaranta mu san labarinsa, domin yana ɗalibi kamarmu ya fara aikinsa. Shi ne Thomas John Barnardo.

An haife shi a birnin Dabilin, ƙasar Ailan, cikin 1845. Cikin 1866 ya tafi Landan koyon aikin likita, da nufin in ya gama ya zarce ƙasar Sin. A shekarar nan annobar kwalara ta faɗa wa unguwannin matalauta na gabashin birnin, marayu suka yi yawa. Sai ya riƙa koyar da 'ya'yan talakawa karatu da dare, ba da ko anini ba.

Wata rana aka tashi, wani yaro mai suna Jim Jarvis ya ƙi tafiya. Da aka bincika, ashe ba shi da uwa, ba uba, ba wurin kwana. Yaron nan ya ja malaminsa cikin dare, ya nuna masa yara kwance bisa rufin ɗakuna, sanyi na dukansu. Abin da ya gani ya sauya masa niyya, ƙasar Sin kuwa bai taɓa taka ta ba.

Cikin 1870 ya buɗe gidan yara maza a unguwar Stepney, inda ake ciyar da su, ana koya musu sassaƙa da ɗinkin takalma. Wata rana wani yaro ɗan shekara 11 ya zo neman mafaka, aka mai da shi don gida ya cika. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa, yunwa da sanyi sun kashe shi. Barnardo ya yi nadama ƙwarai, ya kafa allo a ƙofa cewa daga ran nan ba za a ƙara korar yaron da ba shi da kowa ba. Cikin 1876 kuma ya buɗe ƙauyen 'yan mata a Barkingside.

Amma ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Ya aika da dubban yara Kanada aikin gona, waɗansu suka sha wuya a hannun iyayen gidansu, waɗansu aka raba su da danginsu har abada. Cikin 2010 Gwamnatin Ingila ta nemi gafara a kan irin wannan tura yara ƙetare.

Ya rasu cikin 1905, bayan yara wajen 60,000 sun bi ta gidajensa.

To, 'yan'uwa, mutumin nan bai jira sai ya sami takardar shaida ko dukiya ba. Da 'yan sa'o'insa na dare ya fara. Mu ma in mun fita kasuwa ko tasha da almuru, mu duba waɗanda ke kwance a rumfuna, mu tambaye su labarinsu, kana mu taimaka gwargwadon ƙarfinmu. Allah ya ba mu iko, amin.