Marigayi Alhaji Mamman Shata da Sana'arsa

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, ƙasar Katsina, cikin 1923. Mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, domin a zamanin ana ɗaukar waƙa roƙo ce. Tallan goro da alewa ya fara yi, kafin ya rungumi waƙa da kiɗan kalangu. Ya zauna a Bakori da Funtuwa, nan maƙwabtanmu mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

To, ta yaya ya riƙa cin abinci? Hanya ta farko ita ce kyautar sarakuna da attajirai: kuɗi, riguna, dawaki, har da motoci. Ta biyu kuwa faifan garmaho, waɗanda kamfanin EMI ya buga ya sayar. Amma da kaset ya yawaita, sai 'yan kasuwa suka shiga kwafar waƙoƙin mawaƙa suna sayarwa, mai waƙa ko anini bai gani. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

A 1988 gwamnati ta kafa sabuwar dokar haƙƙin mallaka. A shekarar kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura.

A doka, haƙƙin waƙa yana hannun magada har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, mu sani guminsa yana da masu shi. Allah ya jiƙansa, amin.