Coco Chanel: marainiyar da ta sauya tufafin matan Turai

An haifi Gabrielle Chanel, wadda aka fi sani da Coco, ran 19 ga watan Agusta 1883 a garin Saumur na ƙasar Faransa. Ubanta ɗan koli ne mai cin kasuwannin ƙauye. Uwarta ta rasu a 1895, aka kai yarinyar gidan marayu, inda ta koyi ɗinki.

A wancan zamani matan masu hali na Turai suna matse ciki da wata ɗamara mai tauri har numfashi ya yi musu wuya, rigunansu kuwa suna jan ƙasa. Chanel ta buɗe kantin huluna a birnin Paris a 1910, ta ƙara wani na tufafi a Deauville a 1913. Da yaƙin 1914 ya ɓarke, maza suka tafi fagen fama, mata suka shiga masana'antu da ma'aikatu, suka bukaci suturar da ba ta hana motsi. Sai Chanel ta ɗauki wani yadin saƙa mai laushi, wanda da can ake yi wa maza kayan ciki da shi, ta ɗinka wa mata riguna sakakku.

Bayan yaƙin, ƴan mata a Faransa da Amurka suka shiga yayin rage gashi da sanya rigar dare miƙaƙƙiya, mai tsayawa wajen gwiwa, wadda aka ƙawata da duwatsun ado domin rawar Charleston. Ba ita kaɗai ta kawo wannan yayi ba, akwai su Jean Patou, amma sunanta ya fi fita. Ta fitar da turarenta mai lamba 5 a 1921, kana baƙar rigarta marar tarkacen ado ta shahara a 1926, alhali baƙi launin makoki ne a can.

Sai dai tarihinta yana da tabo. Ta rufe gidan ɗinkinta a 1939, ma'aikata mata da yawa suka rasa abin yi. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa, ta yi soyayya da wani jami'in Jamus. An tuhume ta a 1944, aka sake ta, ta koma ƙasar Suwis. Ta sake buɗe gidan a 1954, tana da shekara 70.

Ta rasu ran 10 ga watan Janairu 1971 a otel ɗin Ritz na Paris, aka binne ta a Lausanne.