Marigayi Fela Sowande da Faya-fayensa

Da yawa daga cikin ɗalibanmu, in suka ji an ce Fela, sai hankalinsu ya tafi ga Fela Anikulapo-Kuti wanda ya rasu a 1997. To, ba shi muke nufi ba. Akwai wani Fela da ya girme shi da shekara 33, ɗan majami'a, wanda masana ke ɗauka a matsayin uban kiɗan gargajiyar Turawa a Nijeriya, wato irin kiɗan nan da ake rubutawa a takarda kafin a kaɗa.

An haifi Fela Sowande ran 29 ga watan Mayu, 1905, a ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, limamin ikkilisiyar Angilikan ne, ya kuma koyar a Kwalejin St. Andrew da ke Oyo. Yaron ya yi karatu a Legas, a makarantar sakandare ta CMS da kuma King's College. Amma makarantarsa ta ainihi ita ce ƙungiyar mawaƙa ta babbar majami'ar Christ Church, inda ya zauna a hannun Malam T. K. Ekundayo Phillips. A nan ya koyi ogan. Kada mu kwatanta shi da ɗan ƙaramin da muke gani a majami'unmu na karkara. Wannan mai bututu ɗaruruwa ne da iska ke busawa, ana kaɗa shi da hannu biyu da ƙafa biyu a lokaci guda.

A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, sai kiɗa ya rinjaye shi. Kuɗin makaranta kuwa da yatsunsa ya nemo su: yana kaɗa fiyano da ogan na lantarki a gidajen rawa, yana raka mawaƙiyar nan Ba'amurkiya, Adelaide Hall. Wani zai ce ɗan fasto ya ɓata. Amma a 1943 ya ci babbar jarrabawar Royal College of Organists har da kyaututtuka, ya kuma sami digirin kiɗa na Jami'ar Landan. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗin ogan kuma shugaban mawaƙa a Kingsway Hall, majami'ar Metodis a tsakiyar Landan. Ɗakin nan ya yi suna saboda daɗin amonsa, har kamfanonin Decca da EMI sukan yi hayarsa don ɗaukar faya-faye. An rushe shi a 1998.

Abin da ya sa muka zaɓe shi a mujallar bana shi ne tambayar da ya shafe ransa yana amsawa: shin muryar waƙar gida ta cancanci shiga majami'a da zauren manyan makaɗa? A zamaninsa akwai masu ganin sai abin da ya zo daga Ingila ne mai tsarki. Aka fassara waƙoƙin Turawa, aka bar muryarsu yadda take. Matsalar kuwa ita ce Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne mai hawa da sauka. Mu ma mun san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya yana ga karin sauti ne kawai. Idan muryar waƙa ta hau inda kalma ta sauka, ma'ana na iya karkacewa. Sowande ya bi sawun malaminsa Phillips, ya ɗauki muryoyin da Kiristocin Yarabawa suka saba rerawa, ya gina manyan kaɗe-kaɗen ogan a kansu, irin su Obangiji da Oyigiyigi da Ka Mura.

Aikinsa da ya fi shahara shi ne African Suite, wanda ya rubuta a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kashi 5 ne, kuma kayan tsirkiya ne ke kaɗa shi, wato gogen Turawa manya da ƙanana. Akwai kashin begen gida, akwai waƙar reno, ya kuma aro wasu muryoyi daga Ephraim Amu na ƙasar Gana. Kashin ƙarshe, Akinla, rawa ce ta Afirka ta Yamma tsantsa.

A 1953 ya komo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya. Ya riƙa bin dattawa yana ɗaukar waƙoƙi da al'adun gargajiya a na'ura, daga baya ya ci gaba da binciken a Jami'ar Ibadan. Wannan ɓangare na rayuwarsa ya fi taɓa mu. A nan Runka da ƙauyukan Safana da Batsari, waƙoƙin daka da na gayya da waɗanda iyayenmu na zumuntar mata suka ƙaga, akasarinsu a ka suke. Rashin tsaro ya tarwatsa garuruwa da yawa a gefen dajin Rugu, tsofaffin da suka san waƙoƙin sun watsu, kuma duk wadda ta rasu takan tafi da nata. Ga waya mai ɗaukar murya a aljihun kusan kowane malami, abin da Sowande bai taɓa samu ba.

Domin bikin samun 'yancin kai a 1960 ya rubuta Nigerian Folk Symphony. A 1968 ya koma Amurka, ya koyar a Jami'ar Howard, sannan Pittsburgh, sannan Kent State. Allah Ya yi masa rasuwa ran 13 ga watan Maris, 1987, a garin Ravenna na Jihar Ohio, yana da shekara 81, aka binne shi a cikin jihar.

Kiɗan da ke kan takarda shiru yake sai an sami masu kaɗawa, kuma tara makaɗa 20 ko 30 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Saboda haka faifai ne ya riƙe sunansa. Decca ta fara ɗaukar African Suite a farkon shekarun 1950, Trevor Harvey na jagorancin makaɗa. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Columbia ya fitar da jerin faya-fayen garmaho 9 na ayyukan baƙaƙen fata, a ƙarƙashin jagorancin Paul Freeman. A ciki akwai kiɗan babbar ƙungiya, da na makaɗa huɗu, da na fiyano, daga Saint-Georges na Faransa da Samuel Coleridge-Taylor na Ingila har zuwa George Walker na Amurka, kuma an saka kashi 3 na African Suite wanda makaɗan London Symphony suka kaɗa. Faya-fayen nan sun daɗe da ƙarewa a kasuwa, sai a 2019 Sony Classical ta gyara sautinsu ta sake fitar da su a faifan CD guda 10.

A Kanada ma an san shi, domin wani shirin gidan rediyon CBC mai suna Gilmour's Albums ya yi shekaru yana amfani da Akinla a matsayin takensa, kuma a 1994 makaɗan CBC na Vancouver, da Mario Bernardi a gabansu, suka ɗauki dukkan kashi biyar ɗin. Wannan faifan da na Freeman ana samunsu yanzu a intanet. Shawararmu ga 'yan ƙungiyar mawaƙa ita ce su fara da waƙar renon, su bar Akinla sai an tashi daga aji, don da wuya a ji ta ƙafa ba ta motsa ba.