CHARLES DARWIN (1809-1882): MUTUMIN DA YA YI SHIRIN ZAMA FASTO

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin nazarin halittu ya san sunan Charles Darwin. Iyayenmu da dama a ikilisiya su ma sun ji sunan, amma galibi abin da suka ji shi ne wai wani Bature ne da ya ce biri ne kakanmu. Kaɗan ne suka san cewa mutumin nan ya yi karatu domin ya zama fasto, matarsa mai bi ce ta ƙwarai, kuma har tsufansa yana aika gudummawa ga aikin mishan. Ga tarihinsa a taƙaice, domin mai karatu ya san mutumin kafin ya yanke masa hukunci.

ƘURUCIYA DA KARATU

An haifi Darwin ran 12 ga Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila, shi ne na biyar cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa Robert likita ne mai wadata. Mahaifiyarsa Susannah ta rasu a 1817 yana ɗan shekara takwas, sai yayyensa mata suka ci gaba da renonsa. A makaranta bai yi fice ba. Hankalinsa yana wajen tara duwatsu da ƙwari da harbin tsuntsaye, har mahaifinsa ya ji tsoron yaron zai zama abin kunya ga gidansu.

A 1825 aka tura shi Jami'ar Edinbura koyon aikin likita. A zamanin nan ba a sami maganin sa barci ba tukuna, ana yi wa mutum tiyata idonsa biyu. Darwin ya shiga ɗakin tiyata sau biyu, ya kasa jurewa, ya fita bai sake komawa ba. Amma a garin ya sami wani malami da bai taɓa mantawa da shi ba, wato John Edmonstone, baƙar fata wanda dā bawa ne a Amurka ta Kudu kafin a 'yanta shi. Shi ya koya masa yadda ake feɗe tsuntsu a adana fatarsa domin nazari.

Da likitanci ya gagara, sai mahaifinsa ya shawarce shi ya zama fasto a ikilisiyar Angilikan. Ya yarda, ya shiga Jami'ar Kambirij a 1828. A can ya karanta littafin wani limamin ikilisiya mai suna William Paley, wanda aka buga a 1802. Hujjar Paley ita ce, wanda ya tsinci agogo a jeji, ya ga yadda ƙarafansa suka dace da juna domin nuna lokaci, ya san akwai maƙerin da ya ƙera shi. To, idon mutum da fiffiken tsuntsu sun fi agogo tsari nesa ba kusa ba, saboda haka lalle akwai Mai hikima da ya tsara su. Hujjar ta burge Darwin matuƙa, ya kuwa amince da ita. Manyan malamansa biyu, John Henslow masanin tsire-tsire da Adam Sedgwick masanin duwatsu, dukansu limaman ikilisiya ne. Ya gama digirinsa a 1831.

SHEKARA BIYAR A KAN TEKU

Henslow ne ya ba da sunansa ga Kyaftin Robert FitzRoy, wanda yake neman abokin tafiya masanin halittu a jirgin ruwan sojan Ingila mai suna Beagle. Da farko mahaifinsa ya ƙi, sai da kawunsa Josiah Wedgwood ya sa baki. Jirgin ya tashi ran 27 ga Disamba, 1831, Darwin yana da shekara 22, bai komo Ingila ba sai 2 ga Oktoba, 1836.

Tafiyar ta buɗe masa ido. A Barazil ya ga azabar da ake yi wa bayi, har ya yi sa-in-sa da FitzRoy a kan bauta, ya kuwa ƙi jininta har ƙarshen ransa. A Ajantina ya haƙo ƙasusuwan wasu manyan dabbobin da suka ƙare tun tuni, ya lura suna kama da ƙananan dabbobin da ke raye a wannan ƙasa ɗin. A Cile ya shaida girgizar ƙasa ta 1835, ya ga inda gaɓar teku ta ɗaga sama. Wannan ya ƙarfafa abin da ya karanta a littafin Charles Lyell, cewa ƙananan sauye-sauye cikin dogon zamani su ne suke siffanta fuskar duniya. A tsibiran Galapagos, wajen kilomita 1,000 daga gaɓar Ekwado, ya yi mako biyar. An gaya masa cewa kunkurun kowane tsibiri yana da irin ƙoƙon bayansa, shi ma ya ga tsuntsayen wani tsibiri sun ɗan bambanta da na maƙwabcinsa. Tambayar da ta riƙa damunsa bayan ya koma gida ita ce, me ya sa halittun tsibiran suke kama da na Amurka ta Kudu, amma kowannensu da ɗan bambancinsa?

ZAƁIN YANAYI

A 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus, shi ma limamin ikilisiya, a kan yawan jama'a da ƙarancin abinci. Nan ne ya sami bakin zaren. Bayaninsa yana da matakai uku. Na ɗaya, kowace halitta tana haifar 'ya'ya fiye da waɗanda za su iya rayuwa. Na biyu, 'ya'yan ba su zama daidai da juna, kuma ana gadon bambancin. Na uku, wanda bambancinsa ya taimake shi samun abinci ko tsere wa maƙiyi, shi ya fi rayuwa ya hayayyafa. In abin ya ɗauki dubban zuriya, sai irin ya sauya, har wani sabon iri ya fito. Yadda manomi yake ware zangarniya mai kyau domin iri, makiyayi kuma ya zaɓi bijimin da zai bari a garke, haka yanayi yake tankaɗe da rairaya, sai dai shi yanayi ba ya yin niyya. Wannan shi ake kira zaɓin yanayi.

A nan ne ya rabu da Paley. Paley ya ga dacewar ido da haske ya ce an tsara shi kai tsaye. Darwin ya ce dacewar tana iya taruwa kaɗan-kaɗan ta hanyar zaɓin yanayi.

Ya auri Emma Wedgwood, 'yar kawunsa, ran 29 ga Janairu, 1839. Tun kafin auren ya gaya mata shakkar da ta fara shiga zuciyarsa. Emma ta rubuta masa wasiƙa cikin ƙauna, tana tsoron kada su rabu a lahira, tana kuma roƙonsa kada al'adar neman hujja a kimiyya ta hana shi karɓar abin da ya fi ƙarfin gwaji. Ya adana wasiƙar dukan ransa, ya rubuta a jikinta cewa ya sha yin kuka a kanta. A 1842 suka koma ƙauyen Downe, kudu da Landan, inda ya zauna shekara 40 yana fama da ciwon ciki da amai.

Ya rubuta bayaninsa a 1844 amma bai buga ba. Ya ba da shekara takwas ga nazarin wasu ƙananan halittun teku masu manne wa duwatsu, ya yi kiwon tantabaru, yana ta tara hujja. A 1858 sai ga wasiƙa daga wani matashi, Alfred Russel Wallace, daga tsibiran da yau ake kira Indunusiya, ɗauke da bayani iri ɗaya da nasa. Aka karanta rubutun su biyun tare a Landan ran 1 ga Yuli, 1858. Littafinsa a kan asalin ire-iren halittu, On the Origin of Species, ya fito ran 24 ga Nuwamba, 1859, kofi 1,250.

MUHAWARA

Littafin ya raba kan masana, ya kuma raba kan masu bi. Tsohon malaminsa Sedgwick ya rubuta masa cikin baƙin ciki yana ƙin littafin. A Oksfod, a 1860, Bishop Samuel Wilberforce ya kara da Thomas Huxley, abokin Darwin, a gaban taro. A Amurka, Charles Hodge, babban malamin tauhidi, ya rubuta a 1874 cewa koyarwar da ta fid da nufin Allah daga halitta musun Allah ce. A ɗaya gefen kuma, Fasto Charles Kingsley ya ga cewa ba ƙaramar ɗaukaka ba ce ga Allah a ce ya yi halittu masu iya haifar sababbin ire-ire. Asa Gray, masanin tsire-tsire na Jami'ar Harvard kuma Kirista mai riƙon bangaskiya, shi ne ya fi kowa kare littafin a Amurka, yana cewa zaɓin yanayi hanya ce da Mahalicci yake aiki da ita.

Gray da Darwin sun yi shekaru suna musayar wasiƙu a kan wannan batu, ba su daidaita ba, ba su kuma ɓata ba. Abin da ya tsaya wa Darwin a rai shi ne wahala. Ya kawo misalin wani irin zanzaro da ke saka ƙwansa cikin jikin tsutsa, 'ya'yansa su riƙa cinta tana da rai, ya ce ya kasa ganin Allah mai alheri ya tsara wannan da gangan. Duk da haka ya gaya wa Gray cewa ba ya iya ɗaukar wannan duniya mai ban mamaki a matsayin aikin makauniyar sa'a, kuma batun ya fi ƙarfin hankalin ɗan Adam. Wahalar ba a littafi kaɗai ya san ta ba. Cikin 'ya'yansa goma, uku sun mutu suna ƙanana. Mutuwar Annie a 1851, tana da shekara goma, ta yi masa rauni mai zurfi.

A 1871 ya buga littafi a kan asalin mutum. Bai ce biri na yau ne ya haifi mutum ba. Ya ce mutum da manyan birai sun fito daga tushe ɗaya na zamani mai nisa, watakila a Afirka, kuma dukan kabilun duniya iri ɗaya ne. Sai dai bai kuɓuta daga girman kan Turawan zamaninsa ba, domin ya riƙa jera al'ummai, wasu a sama wasu a ƙasa. Mutanen Tierra del Fuego, a ƙarshen kudancin Amurka, ya ɗauka bishara ba za ta taɓa kama su ba. Da labarin nasarar mishan a can ya iso gare shi, ya yi murna, ya shiga aika wa ƙungiyar mishan ɗin kuɗi.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ran Lahadi yakan raka iyalinsa har ƙofar majami'a, sa'an nan ya wuce yawo. Amma ya riƙe asusun taimakon talakawan ƙauyen, kuma faston wurin, John Brodie Innes, amininsa ne. A 1879 ya rubuta cewa mutum yana iya gaskata Allah da zuciya ɗaya ya kuma yarda da juyin halitta. Game da kansa ya ce bai taɓa musun kasancewar Allah ba, amma ya fi dacewa a kira shi wanda bai tabbatar ba. Littafinsa na ƙarshe, na 1881, a kan tana ne da yadda take gyara ƙasar noma. Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a babbar majami'ar Westminster kusa da Isaac Newton. Akwai labarin da ya bazu tun 1915 cewa ya janye koyarwarsa a gadon mutuwa. 'Ya'yansa sun ƙaryata shi, bai kuwa kamata mai bi ya kare gaskiya da labarin da ba shi da tushe ba.

BAYAN RASUWARSA

Darwin bai san yadda gado yake aiki ba. Wani limamin Katolika, Gregor Mendel, shi ya gano ƙa'idodinsa a 1866, amma sai a 1900 duniya ta farga da aikinsa. A yau kusan dukan masana halittu sun karɓi juyin halitta, kuma muna ganin zaɓin yanayi a ƙasarmu. Kwayar sikila ta yawaita a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, domin wanda ya gaji guda ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Haka kuma ƙwayar zazzaɓin ta koyi jure wa kulorokwin har aka sauya magani.

Hujjar Paley ma ba ta mutu ba. Ta dawo a Amurka da sunan tsarin mai hikima, musamman ta littafin Michael Behe na 1996, wanda ya ce akwai sassan ƙwayar halitta da ba za su yi aiki ba sai dukan gaɓoɓinsu sun cika, don haka ba za su taru kaɗan-kaɗan ba. Masana da yawa sun amsa cewa gaɓa tana iya fara wani aiki kafin ta koma wani. A 2005 wata kotu a jihar Pennsylvania ta yanke cewa ba za a koyar da wannan ra'ayi a matsayin kimiyya a makarantun gwamnati na gundumar Dover ba. Kotu kuwa ba ta yanke hukunci a kan ko akwai Mahalicci ba, domin wannan ba huruminta ba ne.

Ya ku ɗalibai, za ku haɗu da Darwin a ɗakin jarrabawa, ku haɗu da Littafin Farawa a ɗakin sujada. Masu bi na gaskiya sun bambanta a kan yadda za a haɗa biyun, amma sun yarda cewa Allah ne Mahalicci. Ku koyi haƙurin Darwin, wanda ya yi shekara 20 yana tara hujja kafin ya buɗe baki. Ku koyi halin Asa Gray, wanda ya riƙe bangaskiyarsa da iliminsa da abokinsa gaba ɗaya. Ku kuma tuna da Emma, wadda ta zauna da mai shakka shekara 43 cikin ƙauna da addu'a. Ubangiji ya ba mu hikima da tawali'u. Amin.